KIƊA DA ZANE A TEBURIN MAI SHAYI

Hanwa da Dare

In mutum ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya kama hanyar Samaru, zai iske Hanwa kusa da Kwangila. A da Hanwa ƙauyen manoma ne. Yanzu kuwa gari ya cim masa, gidaje sun haɗe. Akwai manoma har yau, amma ga ma'aikata, ga 'yan kasuwa, ga direbobi, ga ɗalibai.

Akwai wuri guda da ya ke haɗa duk waɗannan mutane da dare, watau teburin mai shayi. Kowa ya san shi. Tebur ne dogo, da benci biyu ko uku, da tukunyar ruwan zafi bisa wuta. Ga burodi an jera, ga gwangwanayen madara, ga ƙwai. Mai hali ya sha da madara, mai ƙaramin ƙarfi ya sha ruwan bunu. Benci ɗaya ne ya ke ɗaukarsu duka.

A wannan darasi za mu yi magana a kan abu biyu da na gani a wani teburin shayi a Hanwa. Na ɗaya kiɗan gargajiya, na biyu zanen bango. Za mu san kayan aikinsu, da yadda a ke yinsu, da dalilin da ya sa su ke neman ɓacewa, da abin da za mu iya yi a kai.

Ina Dandali Ya Tafi?

A zamanin kakanninmu kowace unguwa tana da dandali. Bayan sallar lisha, in akwai farin wata, 'yan mata su fito gaɗa, samari su taru, mai kalangu ya zo. Da kaka, in amfanin gona ya shiga rumbu, a yi dambe da kokawa. A nan yaro ya ke fara jin kiɗa tun yana goye. Ba wanda ya ke zaunar da shi ya koya masa. Kunnensa ne ya ke ɗauka, har ya girma ya san taken kowa.

Yanzu an gine filayen. Inda a ke gaɗa an yi shaguna. Kowa yana da waya a aljihu, in yana son waƙa sai ya toshe kunnensa ya ji shi kaɗai. Wuraren da tsoho da saurayi za su zauna tare da dare sun yi kaɗan. Teburin mai shayi yana cikin waɗanda suka rage. Shi ya sa ya kamata mu dube shi da kyau.

Tsoho Mai Kukuma

Ran wata Asabar da dare na tashi daga aji, na biya wurin mai shayi. Na iske mutane sun fi na kullum yawa. Wani tsoho yana zaune a ƙarshen benci da kukuma, wani kuma yana kaɗa masa ƙwarya. Ba lasifika, ba injin wuta. Ya yi wa manoma waƙa, ya yi wa direbobi. Ya yi wa mai shayi tasa, aka yi ta dariya. Sa'an nan ya sauya murya, ya yi wata a kan haƙuri da zaman duniya. Wuri ya yi tsit, har mai soya ƙwai ya tsaya.

Da ya huta sai na matsa na gaishe shi. Na ce, "Baba, sannu da aiki. A ina ka koyi wannan?"

Ya ce, "Gado na yi, Malam. Ubana ya yi, kakana ya yi."

Na ce, "To, Baba, kai wa ka ke koya wa?"

Ya yi shiru kaɗan, kana ya ce, "Ba kowa. 'Ya'yana maza uku ne. Babban yana haya da babur, na biyu yana gyaran waya, ƙaramin yana makaranta. Ban ga laifinsu ba. Sun ga kukuma ba ta cika tukunya. Ran da na kwanta dama sai a rataye ta a bango, gara ta cinye."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na duba jama'a. Mun kai mutum ashirin. Fiye da rabi sun ɗaga waya suna ɗaukar tsohon. Amma waɗanda suka sa hannu a aljihu ba su wuce uku ba. Kun ga inda ciwon ya ke.

Kayan Kiɗan Hausa

Kafin mu ci gaba, bari mu san kayan kiɗanmu. An kasa su kashi huɗu: na kaɗawa, da na tsirkiya, da na busa, da na girgizawa.

Na kaɗawa su ne ganguna. Akwai kalangu, mai baki biyu da siririn ƙugu. Akwai kotso, mai baki ɗaya, da yatsu a ke kaɗa shi. Akwai taushi, da jauje, da dundufa, da gangar noma, da tambari. Mata suna da ƙwarya da shantu.

Na tsirkiya kuma iri biyu ne. Waɗansu gogawa a ke yi, kamar goge da ƙanwarsa kukuma. Ƙoƙo a ke samu, a rufe bakinsa da fatar guza, a ɗaura tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, a goga da ɗan baka. Waɗansu kuwa taɓawa a ke yi, kamar garaya, da gurmi, da molo, da kuntigi. Kuntigi ƙarami ne ƙwarai, tsirkiyarsa ɗaya, da gwangwanin kifi ma a kan yi shi.

Na busa su ne kakaki, da algaita, da farai, da sarewa irin ta makiyaya. Na girgizawa kuwa su ne irin su caki da kacau-kacau.

Abin lura shi ne, a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe. Dundufa ta maƙera ce. Garaya ta maharba ce. Gangar noma ta manoma ce, ita a ke kaɗawa ran gayya don hannu ya yi sauri. Tambari da kakaki na sarki ne, talaka ba ya sa a yi masa su ko nawa ne kuɗinsa. A fadar Zazzau tun da akwai al'adar sara, watau makaɗan sarki su taru a ƙofar fada daren Juma'a su yi kiɗa da busa. Saboda haka in ka ji sauti daga nesa, ka san ko su wane ne a ke yi wa.

Yadda Kalangu Ya Ke Magana

Kun sha jin an ce kalangu yana magana. Ga yadda abin ya ke. Harshen Hausa yana da hawa da sauka. Ku faɗi "kuka" na yaro. Ku kuma faɗi "kuka" ta miya. Baƙaƙen duka ɗaya ne, amma murya ta bambanta su. Na yaro murya tana sama har ƙarshe. Ta miya kuwa murya ta kan hau sa'an nan ta sauko.

To, kalangu yana da tsirkiyoyi na fata da suka haɗa bakinsa biyu. Makaɗi ya kan rataya shi ƙarƙashin hamata. In ya matse, fata ta ɗame, sauti ya hau. In ya saki, sauti ya sauko. Da haka ya ke bin hawa da saukar magana, har wanda ya saba ya gane abin da a ke faɗi. Wannan shi a ke kira take. Ɗan dambe yana jin takensa zai miƙe tsaye, ko da ba wanda ya ambaci sunansa. Amma sai kunnen da ya saba. Yaron da bai taɓa zama kusa da makaɗi ba, ƙara kawai zai ji.

Yadda A Ke Gina Waƙa

Waƙar baka tana da tsari kamar ginin ɗaki. Da fari akwai gindin waƙa, shi ne amshin da a ke komowa gare shi kullum. Sa'an nan akwai 'ya'yan waƙa, su ne maganganun da mawaƙi ya ke kawowa tsakanin amshi da amshi. Gindi ba ya sauyawa. 'Ya'ya kuwa mawaƙi ya kan ƙara, ya kan rage, gwargwadon mutanen da ke gabansa. Shi ya sa waƙa ɗaya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Tsohon nan na Hanwa, da ya ga wani direba ya iso, nan take ya sa shi cikin waƙa. Waya ba ta iya wannan. Abin da aka zuba mata shi za ta maimaita.

Babban makaɗi ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗa, akwai sanƙira mai sanar da jama'a wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Yaro ya kan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya yi shekaru, kana a bar shi ya ja waƙa. Makarantarsu ke nan. In ba wurin yin kiɗa, makarantar ta rufe.

Manya Ma Daga Ƙasa Suka Fara

Kada mu rena ƙaramin wuri. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa ta ƙasar Katsina, a dandali da kasuwannin ƙauye ya fara. Da kalangu ya zaga ƙasashe. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura.

Ɗan Maraya Jos da kuntigi kaɗai ya yi suna. Ya yi wa talakawa waƙa, har da karen mota. Ya rasu a 2015. Barmani Coge ta Funtuwa da ƙwarya ta yi nata, tana yi wa mata gargaɗi su kama sana'a. Ta rasu a 2013. A wajen fada kuma akwai irin su Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991. Su biyun kotso ne kiɗansu.

Don me mu ke jin muryoyinsu har yau? Don an ɗauke su a faifai da kaset, gidajen rediyo kuma sun adana. A nan Zariya akwai wani misali. Malam Aliyu Namangi makaho ne, amma waƙarsa ta Imfiraji an rubuta ta, an buga ta a littafi, ga ta nan a hannun mutane. Haka kuma wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna da makaɗan Zariya, shi da abokin aikinsa Anthony King suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmominsa, suka buga littafi a 1971. Amma makaɗa nawa ne suka shuɗe a ƙauyukanmu ba wanda ya rubuta ko sunansu? Allah kaɗai ya sani.

Zanen Bango

Yanzu mu juya ga abu na biyu. A bayan teburin nan na Hanwa akwai bangon shago. Wani magini da ke shan shayi a wurin ya yi wa mai shayi zane a jikinsa. Ya yi dagi a tsakiya, ya kewaye shi da igiya mai sarƙa, ya yi buta da kofi a gefe. Da siminti ya yi, amma hannun na mutanen da ne. Duk baƙon da ya zo sai ya tsaya ya duba.

Zariya ta daɗe da suna a wajen gini. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina masallacin Juma'a na birni. Wanda ya gina shi Malam Mika'ilu ne, mai sarautar Babban Gwani. Da ƙasa da azara ya ɗaura bakan gizo masu tsawo, ya yi wa ginshiƙai zane. Masana gini daga ƙasashe masu nisa sun zo sun auna aikinsa, sun yi rubutu a kai.

Ga kayan aikin maginan da. Tubali na ƙasa, wanda a ke mulmulawa da hannu a shanya. Azara daga giginya, don gara ba ta cinta da sauri. Makuba daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa bango ya yi jaja-jaja ya jure ruwa. Laso kuma a kan haɗa shi da katsi na marina, da gashin jima, da dafara, a shafe soro da shi. Ku lura da wannan: magini yana bukatar marini, yana bukatar majemi, yana bukatar mai itacen ɗorawa. Sana'a ɗaya tana riƙe da 'yar'uwarta.

Shi zane, tun yaɓe yana ɗanye a ke yinsa. Magini ya fitar da siffa da yatsa ko da wuƙa, ya tayar da waɗansu wurare, ya rage waɗansu. Yawanci a fuskar zaure a ke yi, kewaye da ƙofa, don mai wucewa ya san darajar mai gida. A saman soro kuma a kafa zankwaye. Da zamani ya sauya, maginan Zariya da Tudun Wada ba su tsaya kan dagi da takobi kaɗai ba. Sun zana keke, da mota, da agogo, da jirgin sama. Watau abin da idonsu ya gani shi suka sa a bango. Butar shayin nan ta Hanwa ɗiyar wannan hanya ce.

Yau kuwa bulo da kwano sun karɓe gari. In damina ta rushe tsohon zaure, ba a mai da shi yadda ya ke. Masu iya zanen sun tsufa, yaransu sun koma ɗora bulo, domin a nan kuɗi ya ke.

Allura da Ƙwarya

Zane ba a bango kaɗai ya ke ba. Birnin Zariya ya shahara da ɗinkin babbar riga. Mai zane ya kan fitar da siffa a kan yadi da alƙalami da tawada, sa'an nan maɗinki ya bi da allura. Akwai aska biyu, akwai aska takwas, akwai tambari. Riga guda ta kan ci watanni. A da aikin maza ne, amma daga baya matan birni da yawa sun shiga, suna yi a cikin gida suna samun na kansu.

Akwai kuma ɗinkin hula, da zanen ƙwarya, da saƙar faifai da tabarma, da aikin dukawa. In kun duba da kyau za ku ga dagin da ke bango shi ne a riga, shi ne a jikin jakar fata. A teburin nan na Hanwa na ga wani saurayi yana zuwa da hulunan da ya ɗinka, ya jera su a gefen benci. Masu shan shayi su gwada, su taya. Ba ya biyan kuɗin shago, mai shayi kuma yana samun ƙarin masu zama. Kowa ya amfana.

Darasi Daga Samaru

Wani zai ce waɗannan kayan ƙauye ne, mai ilimi ba ruwansa da su. To, ku ji wannan. A 1958 waɗansu ɗalibai masu koyon zane a babbar kwalejin da ke Samaru suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, suna koya musu zane irin na Ingila. Ɗaliban suka ce za su koyi dabarun Turawa, amma abin da za su zana daga gida za su ɗauko shi, daga zanen iyayensu da labarun garuruwansu. Kwalejin nan ita ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗaliban kuwa sun zama manyan masu zane da duniya ta sani. Da sun rena na gida, da ba a san su ba. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da Ya Faru a Masar

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Alƙahira da sauran garuruwan Masar akwai gidajen shan gahawa, kamar teburan shayinmu. A da mawaƙi ya kan zauna a irin wannan gida da rababa, wadda ta yi kama da gogenmu. Ya yi ta rera labarin ƙabilar Banu Hilal da jaruminsu Abu Zaidi, dare bayan dare. Da rediyo ya shigo sai masu gidajen suka saye shi, suka sallami mawaƙa. Sannu a hankali masu haddar labarin suka ragu, sai 'yan tsofaffi a karkara. A 2003 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan waƙa cikin kayan gadon 'yan Adam da ya kamata a kiyaye. Abu ne mai kyau. Amma da mutanen gidajen gahawa sun bar wa mawaƙi kujerarsa, da aikin kiyayewa bai yi wuya haka ba.

Darasin shi ne, gwaninta tana rayuwa ne a inda a ke zama a saurare ta, a dube ta, a kuma biya mai ita. In ɗayan nan ya ɓace, ita ma ta kama hanya.

Abin da Za Mu Yi

Ba sai mun jira hukuma ba. Ga abubuwa bakwai da kowa zai iya.

1. In ka saurari makaɗi, ka ba shi abin da ya sawwaƙa. Sana'arsa ke nan, da ita ya ke ci da iyali. Yaba kyauta tukwici. Mai shayi ya ajiye ƙwarya a gefen tebur, kowa ya jefa gwargwadon ƙarfinsa.

2. Kada ka ɗauki mutum a waya sai ka nemi izninsa. In ya yarda, ka rubuta sunansa, da garinsu, da irin kiɗan, da ranar da aka yi. Waƙar da ba sunan mai ita kamar akuya ce ba shaida.

3. Wanda ya iya rubutu ya sami littafi guda. Ya zauna da tsoho, ya rubuta waƙoƙinsa, da wanda ya koya masa, da sunayen sassan abin kiɗansa. Ya karanta masa don ya gyara inda aka yi kuskure. Haka kuma a yi da magini da maɗinki.

4. In yaro ya nuna sha'awa, kada a kore shi. Ya je makaranta da safe, ya koyi sana'a da yamma. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

5. In za ka sayi hula ko faifai, ka tuna da kwanakin da aka yi ana aikinsa. Ka yi ciniki, amma ban da tayin wulaƙanci.

6. In za a rushe tsohon zaure mai zane, a ɗauki hotonsa tukuna. In kana sabon gini, ka bar wa mai zane ko da saman ƙofa ne.

7. A kiyaye ladabi. In an kira salla a ajiye kiɗa. Kada a kai tsakar dare, akwai marasa lafiya da jarirai a maƙwabta. Ban da batsa, ban da zambo mai tada faɗa, ban da roƙon dole. Mai shayi ya shaida wa mai unguwa tun da wuri. Irin waɗannan abubuwa ne suka ɓata wa kiɗa suna a wurin dattawa. In an kauce musu, dattijo ma zai zauna ya ji.

Komawa Hanwa

Bayan mako uku na sake biyawa ta wurin. Mai shayi ya ajiye ƙwarya kamar yadda muka yi shawara da shi. Ba ta cika ba, amma ba ta kwana wofi ba. Na zo da littafina, tsohon ya faɗa mini waƙa biyu na rubuta. Da na karanta masa sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ka tsallake ɗa guda." Ya maimaita, na gyara.

Muna cikin haka sai yaron mai shayi, mai wanke kofuna, ya goge hannunsa a riga ya matso. Ya ce, "Baba, in riƙe?" Tsohon ya dube shi, ya miƙa masa kukuma, ya gyara masa yatsu. Yaron ya goga, ta yi ƙara kamar ƙofar da ba mai. Kowa ya yi dariya. Tsohon bai yi ba. Ya ce, "Ni ma haka na fara. Ka zo ran Asabar da wuri, kafin mutane su taru."

Ko yaron zai ɗore, wannan sai Allah. Amma a unguwarku ma akwai mai shayi, akwai kuma wani tsoho da ya iya abin da ba wanda ya tambaye shi. Ku neme shi tun yana da rai.

Tambayoyi

1. Kayan kiɗan Hausa kashi nawa ne? Kawo misali biyu daga kowane kashi.
2. Wane kiɗa a ke yi wa mahauta, da maƙera, da maharba, da manoma?
3. Yaya makaɗi ya ke sa kalangu ya bi hawa da saukar magana?
4. Mene ne bambancin gindin waƙa da 'ya'yan waƙa?
5. Wa ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya, a zamanin wane sarki?
6. Da me a ke yin makuba? Da me a ke haɗa laso?
7. Me ya sami mawaƙan gidajen gahawa na Masar?
8. Rubuta sunan wani makaɗi ko mai sana'ar hannu na unguwarku, da abin da ya iya, da wanda ya koya masa. Ka kawo aji mako mai zuwa.